Inuwar Sandar Baffa

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Yau aka sallamo Baffa daga asibiti. Likita ya ce sun yi iya nasu, saura jinyar gida. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana ma ta tafi. Ba ya iya cewa ruwa, ba ya iya cewa kunu. Amma da aka kira azahar muna cikin mota, sai ga Fatiha ta fito daga bakinsa tiryan-tiryan, ba harafin da ya faɗi. Direban ma sai da ya waiwayo.

Ban yarda a mai da shi Zungur ba, na ce a kawo shi nan Fadaman Mada, wurina. Shekara goma sha ɗaya ina cikin gidan nan, Baffa bai taɓa wuce zaure ba. Ni ce 'yar fari, kunyar mutanenmu ba ta barinsa ko sunana ya kama. Yau ga shi an shigo da shi a hannun ƙarti huɗu har ɗakin da ke jikin nawa. Ya runtse ido har aka kwantar da shi.

Ƙanena Mudathir ya aiko da gadon asibiti mai taya daga Abuja. Gado ya iso, shi bai iso ba. Ya kira ya ce, "Adda, haska mini shi in gani." Na haska. Kafin in idar da la'asar hoton mahaifinmu da baki a karkace ya zaga duniya, an rubuta a ƙasa wai a taya mu da addu'a. Tir.

Da hannuna na saita gadon, ƙafafu wajen alƙibla, kai a ɗage, daidai yadda nake shimfiɗa sallayata. Alkawari ne. Bara waccan, ranar bakwai ɗin Inna, ya ce da ni yana kallon bango, "Ke, in ciwo ya kayar da ni, abu biyu. Kada lokaci ya wuce ni. Kada a kwantar da ni ba alƙibla." Na ce to. Mutumin da ya yi shekara arba'in duk masallacin da za a gina a Zungur, duk kabarin da za a tona, sai an kira shi ya fitar da alƙibla, ba a gidana zai kwanta a karkace ba.

Laraba, 8 ga Mayu, da hantsi

Sau uku na wanke zannuwan gado tun asuba. Ban yi ƙyama ba. Na rubuta ne don in tuna ban yi ƙyama ba.

'Yata Ni'ima tana nan har yanzu. Mako biyar ke nan da ta dawo daga gidan mijinta a barikin Shadawanka da jaka biyu. Ba zan rubuta dalili ba, takarda ma tana da kunya. Na riga na gaya mata: ki ci, ki sha, ki kwana, amma magana tsakanina da ke ta ƙare sai ranar da hankalinki ya dawo jikinki.

Ita ko a jikinta. Ɗazu na same ta a gefen gadon da kofin kunu tana cewa, "Ango, haka za ka yi mini? Duk maneman da na kora saboda kai, ka zo ka kwanta kana zubar da miyau? Buɗe baki, ko in fasa auren." Shi kuma yana dariya da rabin fuska, ya buɗe. Ni in na ba shi, cokali biyu sai ya kau da kai. Wasan jika da kaka yana da lokacinsa. Mutum yana bakin kabari ana yi masa shashanci.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan azahar

Ba ya jiran ladan. Kafin a kira salla sai ya fara buga ƙarfen gado da hannun hagu. Na kai masa dutsen taimamarsa da aka kawo daga Zungur, ya shafa, na taya shi shafa ɗaya hannun. Yana salla da ido da leɓe. Mai lafiya yana kwance da waya har rana ta faɗi, mai rabin jiki yana buga ƙarfe. Na faɗi haka da ƙarfi don wadda ke ɗakin can ta ji.

Abu ɗaya ya dame ni. Da ya tayar da kabbara sai wuyansa ya murɗe hagu, har jijiya ta fito. Na miƙe masa kai, ya sake murɗewa. Na tokare shi da filo.

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

Juliana, nas ɗin da ke zuwa canja masa robar fitsari, ta ce masu irin wannan ciwo wasu haka suke, kai yana bin gefe ɗaya. "Hajja, ka bar shi, kar ka damu kanka. Baba yana da ƙarfi fa." Shekara nawa matar nan a Bauchi, har yau ba ta raba mace da namiji a magana. Amma hannunta da tsafta, kuma in ta ji ya fara karatu takan tsaya cak da robar a hannu har ya kai aya. Wasu 'ya'yan Musulmi ba sa haka.

Matan da nake yi wa karatun tsarki da salla duk Asabar a tsakar gida sun zo, su tara. Na ce ba karatu yau. Suka ce to su gaida Modibbo, wato Baffa. Gaisuwar ta koma kallo. Maƙwabciyata Mas'uda, wadda jirginsu zai tashi aikin Hajji mako mai zuwa, ta zo da gorar ruwa wai ya tofa mata albarka. Mutumin da miyau ke zubo masa ba da saninsa ba! Na ce, "Mas'uda, sau nawa zan gaya miki ki gyara zaman tahiyarki? Can albarkar take." Ta fita tana kumbure-kumbure. Da suka tafi ɗakin ya cika da warin turare iri tara a kan warin ciwo. Sai da na fita bayan gida na tofar da miyau.

Filo biyu yanzu.

Lahadi, 12 ga Mayu, da safe

Gadon ya goce. Ƙafafun sun koma wajen kusurwar hagu, kusan kamu uku. Na mayar. Mai goge ɗaki ba ta da ido.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Gadon ya sake gocewa. Ga sawun taya a kan tayil. Na tambayi Juliana, ta ce ita ba ta taɓa ba, "Birki yana nan a kulle, Hajja, ka duba." Na duba, a kulle yake. Gado ba ya buɗe birkinsa ya sake kullewa.

Na mayar. Na sa filo na uku, na danne ta gefen hagu yadda kan ba zai motsa ba. Ya yi la'asar a haka, fuskarsa a miƙe, hawaye na bin kunnensa. Ciwo ne. Na shafa masa man zafi a wuya.

Laraba, 15 ga Mayu

Mudathir ya kira. Taro, taro, taro. Wai ƙarshen wata.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Ya ƙi kunu a hannuna. Ya ƙi fura. Na dama kindirmo mai kyau irin wanda yake so, ya datse baki yana kallona. Ban taɓa ganin Baffa ya kalle ni ido cikin ido ba sai a ciwon nan, kuma ban ji daɗin kallon ba. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna kusurwa, yana "Allah, Allah." Na ce, "Eh Baffa, Allah yana nan." Ya saki hannun ya faɗi a kan zane.

Da Ni'ima ta shigo ya sha rabin kofi a hannunta. Ta ɗaga kai ta ce, "Umma, gadon nan fa..." Na ce, "Da wa kike?" Ta ɗauki kofin ta fita.

Gyalenta ko kafaɗa bai gama rufewa ba. A haka ake son a yi mini bayani.

Juliana kuma da za ta tafi ta tsaya a zaure tana ɗaure jaka ta ce, "Hajja, na lura da abu. Wuyan Baba ba ya juyawa in ina wanke shi. Sai lokacin salla kawai." Na ce ta yi aikin da ya kawo ta.

Litinin, 20 ga Mayu, da la'asar

Na kama ta. Dab da azahar na dawo daga shanya, na tarar Ni'ima ta taka birki ta buɗe, ta sa kafaɗa tana tura ƙafar gadon hagu. Filolina uku suna ƙasa. Shi kuma ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya.

Na ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar."

Ta ce, "Umma, ki dake ni in kina so, amma ki saurara. Ba alƙibla yake kallo ba. Alƙibla tana nan, wajen kusurwa. Shi ya sa yake murɗa wuya."

Na ce, "Ke za ki nuna mini alƙibla? Ke da sai rana ta take ki kike asuba?"

Ta ciro waya ta shimfiɗa a tafin hannu, wata kibiya tana rawa a ciki, ta tsaya wajen kusurwa. "Duba, Umma."

"Abin da ya kashe miki zama shi zai gyara mini salla?"

Ban yi niyyar faɗin haka ba. Ta yi fari fat, amma ba ta sauke hannun ba. Ta ce, "Bangon gidan nan titi ya bi, titin kuma a karkace yake. Ranar da muka tare ke kika kalli bango kika shimfiɗa sallaya, mu duka muka bi ki. Abba a masallaci yake salla har ya rasu, wa zai gani? Ni ma sai da Kaka ya dinga nuna mini na duba."

Shekara goma sha ɗaya take nufi. Sallata, da azumina da tarawihina, da na matan Asabar da suke jera sahu a bayan sallayata. Yarinyar da ba ta iya riƙe ɗaki ba.

Na ce, "Ban san kibiya ba. Sandar Baffa na sani."

Na rubuta wannan don wanda bai sani ba. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba, ɗaya a ƙarshen watan nan, ranar ashirin da bakwai da ashirin da takwas, ƙarfe goma da minti goma sha takwas na safe a agogonmu. A lokacin duk sandar da aka kafa a miƙe, ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka kalli sandar, to alƙibla kake kallo. Muna yara ranar sanda muke ce mata. Baffa yakan fita da agogonsa da zare da 'yan turaku, ya bi masallatai yana ja musu layi a ƙasa, ni ina riƙe masa bakin zaren. Wannan ilimi ne. Na ce mu jira ranar sanda, inuwa ta raba mu. Kafin nan kada wanda ya ƙara taɓa mini gado.

Ta ce, "Kwana bakwai fa, Umma. In bai kai ba fa?"

Na ce rai a hannun Allah yake. Na mayar da gadon, na kulle birki, na kwashe filolin na mayar. Ya yi azahar yana kallon bango. Bai yi hawaye ba. Ni bai kalle ni ba.

Talata, 21 ga Mayu

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

Na je kantin magani sayo auduga da safar hannu. Hanyar ta gaban masallacin unguwa take, shekara goma sha ɗaya ina binta da kai a ƙasa kamar yadda ya kamaci mace. Yau na ɗaga kai. Ginin bai bi titi ba. Ya juya kafaɗa, wurin tsayuwar liman ya fito ta kusurwa kamar mai fushi da layin gidajen.

Magina na zamani. Ba abin da suke yi a miƙe.

Na dawo ta bayan layi.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan isha

Na tayar da salla sau uku ina sallamewa. Zafi ne. Hadari yana haɗuwa ya watse, ba ruwa.

Mudathir ya sake sa hoto, tsohon hoton Baffa da rawani, wai gwarzon mahaifi. Mutum ɗari uku sun ce amin. Ko ɗaya a cikinsu bai san warin gyambon da ya fara fito masa a ƙugu ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, da azahar

Zazzaɓi. Kunu ya sarƙe shi da safe, ya yi tari har ya yi baƙi. Juliana ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe, ta ce abinci ya bi hanyar iska, ta yi masa allura. Ta ja ni waje ta ce, "Hajja, ka kira ɗan'uwanka. Ba na son yadda Baba yake numfashi."

Duk da haka kafin ladan ya buga ƙarfe. Bugun ba ƙarfi, kamar kaza na tsattsagar kwano.

Ni'ima ba ta taɓa gadon ba, na ba ta wannan. Sai ta zare filolin, ta zauna a bakin katifa, ta tallafi kansa da hannu biyu ta juya shi wajen kusurwa, ta riƙe har ya idar. Ina tsaye a ƙofa. Na ce birki na hana, ban ce hannu ba, don haka ban yi magana ba. Da ya sallame ta ce, "Ango, kanka nauyi kamar tulu. Duk ilimin ne?" Ya motsa leɓe.

Asabar, 25 ga Mayu

Na aika wa matan kada su zo.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan magariba

Bai sha komai ba sai ruwa a cokali. Ƙirjinsa yana kurkur kamar ana jan guga a rijiya mai tsakuwa. Sau huɗu Ni'ima ta riƙe masa kai yau. Da la'asar ta ɗago ta kalle ni. Ƙafata tana kan birkin. Taki ɗaya ne.

Gobe ne ai. Wanda ya jira kwana shida zai jira ɗaya.

Na karanta layin da ke sama. Kamar wata ce ta rubuta, wata irin matar da nake yi wa wa'azi.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hadari tun asuba. Ni'ima ta kafa sandar a tsakar gida ta zauna a gindinta da agogo. Goma da kwata, gajimare. Goma da sha takwas, gajimare. Goma da rabi aka fara yayyafi. Ba inuwa.

Na ji daɗi.

Na rubuta don gaskiya. Da na ga ɗigon farko a kan siminti wani sanyi ya ratsa ni, na ce alhamdu lillahi a zuci. Mahaifina yana ciki yana jan numfashi da ƙyar, ni ina gode wa Allah da ya rufe rana don kada a ga inuwata. Na shiga bayan gida na yi amai.

Talata, 28 ga Mayu, bayan azahar

Gari ya waye tas. Juliana ta zo da wuri. Baffa yana ta nuna ƙofa, Ni'ima ta ce, "Waje kake so? Wurin sanda?" Ya lumshe ido. Juliana ta ce ba kyau a motsa shi, ta dubi fuskarsa, sai ta taka birkin da kanta ta ce, "Mu je, Baba, ka sha iska." Muka tura gadon har bakin baranda. Ni ma na sa hannu.

Sandar tasa ce ta gora, mai ƙarfe a gindi, wadda aka kawo tare da dutsen taimama. Ni'ima ta kafa ta a karkace. Ya yi gurnani. Ta gyara, ya sake gurnani. Na ce, "Matsa, ba haka ake yi ba." Na ɗaura tsakuwa a zare na saki daga kan sandar, na daidaita har zaren ya kwanta a jikinta, yadda na ga yana yi shekara arba'in da suka wuce. Ya daina gurnani.

Juliana ce ke riƙe da agogo. "Sha shida. Sha bakwai. Hajja, sha takwas ya yi."

Na tsaya a ƙarshen inuwar na kalli sandar. Bayan sandar ba bangon da nake kallo ba ne. Kusurwa ce, inda tulun ruwa yake, inda kibiyar ta nuna, inda wuyansa yake juyawa kwana ashirin da biyu.

Da Ni'ima ta ce "na gaya miki" da na samu abin riƙewa. Sai ta miƙo mini bakin zaren ta ce, "Umma, riƙe in ja layi kafin ta matsa." Na riƙe. Ta ja da gawayi daga gindin sanda har bakin ƙofar ɗakinsa.

Ni na tura gadon ciki, ni kaɗai, na ce kada wanda ya taya ni. Na bi layin gawayi na saita ƙafafun a kusurwa na kulle birki. Filolin na jefar da su tsakar gida. Da azahar ta yi ya buga ƙarfe, na kai dutse. Ya tayar da kabbara kansa a kwance lafiya lau, ba jijiyar da ta tashi. Mutumin da muka ce ciwo ya murɗe masa wuya.

Da ya idar na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Baffa, shekara goma sha ɗaya." Ban iya ƙarawa ba. Ya daɗe yana motsa baki, maganarmu ta mutane ba ta fita. Sai ya koma inda harshensa bai mutu ba, ya ja ayar nan ta ƙarshen Baƙara da bayi ke roƙon kada a kama su in sun manta ko sun yi kuskure. Ya karanta ta a hankali, yana haki, hannunsa na hagu a kan ɗankwalina. Tun ina 'yar shekara bakwai rabon da hannunsa ya taɓa kaina.

Na fahimta. Na san hukuncin ma, ni nake koyar da shi: wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, ba a bin sa sallolin da lokacinsu ya fita. Shekara goma sha ɗaya kuskure ne.

Amma na ƙirga. Daga azahar ɗin Litinin waccan zuwa asubar yau, salla arba'in cif. Waɗannan ban manta ba, ban kuskure ba. Ayar ba ta ambace su ba, shi ma bai ambata ba.

Laraba, 29 ga Mayu, da hantsi

Na juya sallayata. Inda take a da tayil ya yi haske, murabba'i guda, kamar tabon ƙuna. Na goge da omo, bai fita ba. Ɗakin duk ya zama kamar an karkata shi.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Gida takwas na shiga yau da ƙafata. A kowanne na ce, "Alƙiblar da na nuna muku a tsakar gidana ba daidai ba ce. Duk wadda ta koma gida ta kwaikwayi bangona, ta duba masallaci ta gyara." Bintu mai ƙosai ta ce, "Ayya Malama, ai mun daɗe da lura, maigidana ya faɗa. Wa zai iya gaya miki?" Tana juya ƙosai tana faɗa, ko kunya. Shekara nawa suna jera sahu a bayana suna kallon bango, sun gwammace su karkace da su ji bakina. Ban san wa ya fi ba ni ƙyama ba, su ko wadda suke tsoro.

Ta tara, Mas'uda, tana Makka. Ita kam ba ta bukatar in nuna mata.

Mudathir ya iso da la'asar da turare da kwalin lemo. Ya shiga ɗakin ya fito ya tsaya a baranda yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Adda, me ya sa gadon yake a karkace haka? A gyara mana." Ni'ima ta dube ni. Na ce, "Kai ne a karkace. Je ka yi alwala."

Juma'a, 31 ga Mayu

Baffa ya rasu bayan ya idar da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 3 ga Yuni, da safe

An kai shi Zungur. Mudathir ya ce da suka je an rasa mai fitar da alƙiblar kabarin, sai wani tsoho ya nuna musu turaku biyu a gefen na Inna, har sun yi tsatsa. Baffa ya kafa su da kansa bara waccan. Ko a nan bai dogara da mu ba, kuma yana da gaskiya.

Na tambayi Mudathir abu ɗaya, tunda yana cikin masu wanka. Ya ce, "Wuya? Lafiya lau, Adda, a miƙe yake. Me ya sa?" Na ce ba komai.

Salla goma sha bakwai ya yi a daidai a gidana. Na ƙirga su, na ajiye kusa da arba'in ɗin.

Filolin suna nan inda na jefar da su, ruwa ya dake su sau biyu. 'Yan gaisuwa suna tsallake su, an rasa mai tambaya.

Da asuba na shimfiɗa sallaya a kan layin gawayin da ya rage a baranda, na ji motsi a bayana. Ni'ima ce, ta shimfiɗa tata. Maganar Shadawanka tana nan inda take, ba ta ce ba, ban ce ba. Gyalen nan dai har yau bai rufe kafaɗa ba, na gani sarai, maganar ta zo mini har bakin haƙori.

Na ce, "Ni'ima, duba mini. Na daidaita?"

Ta leƙo ta ce, "Ɗan matsa hagu kaɗan, Umma."

Na matsa.